Shekara 8 a mangazar Alhaji: in zauna ko in kai takarduna gaba?

Lawali Zariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai tawa ce ta kawo ni. Shekarata 8 ina riƙe wa wani Alhaji lissafi a mangazarsa nan Maraɗi, hatsi ne da aya da shinkafa. Ba sai na kama suna ba, wanda ya san ni ya san wurin, don Allah a bar shi a haka. Na fara da albashin jika 60 (sefa dubu 60), a 2021 aka mai da ni jika 85, kuma a nan na tsaya har yau. Da na shiga ba ni da mata, yanzu ga mata ga yara uku, ga hayar gida jika 25. Bana sau uku albashi yana kaiwa 20 ga wata kafin ya fito. Sai kuma ɗan Alhaji ya gama karatu ya dawo, aka karɓi makullin akwatin kuɗi daga hannuna aka ba shi, ni aka ce in riƙa nuna masa aiki. Ba a zage ni ba, ba a ce na ci komai ba. Amma tun ranar, in na doshi ƙofar mangaza da safe sai in ji ƙafata ta yi nauyi. Yanzu wani abokina ya ce wurin aikinsu ana neman mai lissafi, jika 120, sai dai kwantiragin wata 6 ne, in an ga dama a sabunta. Ta yaya mutum ke gane lokacin tashi ne ya yi, ba zuciya ce kawai ke ingiza shi ba?

Rabi'u Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Kai takardunka tun gobe.

Nana Hadiza: Rabi'u kai kullum da gaggawa. Mutum mai iyali ne fa. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu.

Rabi'u Kabu-kabu: Tulun da ake cikawa 20 ga wata? Anti, ai wannan tulun ya huje.

Mushe Isuhu: Malam Lawali, Allah ya kawo mafita. Mu malaman kwantiragi mun san ɗanɗanon jiran albashi, shi ya sa jinkirin da ka faɗa bai girgiza ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makullin. Jinkirin kuɗi yana iya zama matsalar kasuwa, amma makulli ba kasuwa ce ta ɗauke shi ba, shawara aka yi aka yanke. Tambayi kanka: in ka gama koya wa yaron nan aikin, me ya rage a mangazar da kai kaɗai ka iya?

Lawali Zariya: Gaskiya Mushe, in ya iya littafin bashi da lissafin duwan, wato kwastan, babu sauran abin da zan ce nawa ne. Kuma yaron yana da kai, ba na jin zai wuce wata huɗu bai iya ba. Ba shi da raini, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba, Yaya yake ce mini.

Hajiya Barira: Bari in yi magana a madadin masu gida tunda na ga za a taru a kansu. Ni ma ina da yara huɗu a shagona, kuma na taɓa jinkirta musu, ban ji daɗi ba amma ya faru. Ku tuna abin da kasuwar garin nan ta gani. Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyaka, sai Disambar 2020 aka buɗe. Muna cewa mun farfaɗo, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Ɗan Isa da Jibiya shiru har Maris na 2024. Ga naira ta zube, wanda ya ba da kaya bashi a Katsina ko Kano ya karɓi kuɗin da ba su kai na jiya ba. Ga hanyar Kwatano da aka toshe a 2023, kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina a ayari. Mai hatsi kuma ga dokar hana fitar da hatsi da aka sa a Oktoban 2024. Duk Alhajin da kuka ga bai kori yaransa ba a shekarun nan, ku yi masa adalci, ya yi ƙoƙari.

To amma Lawali, ga ma'aunin da ni nake auna kaina da shi, kai ma ka auna maigidanka. In kuɗi za su makara, yana kiranka ya faɗa maka da bakinsa, ko sai dai ka yi ta zarya kana jin kunyar tambaya? Na biyu, matsin ya taɓa kowa ko ku kaɗai ya taɓa? Kai ke riƙe da littafi, ka fi mu sanin amsa. In maigida ya rage nasa, ya fasa Umara, ya bar tsohuwar motarsa, to wannan wuri ne da ke cikin wahala, ana iya jimrewa tare. In kuwa a watan da albashinku ya makara aka zuba dakali a sabon gida, ba wahala ba ce, an dai sa ku a ƙarshen layi.

Lawali Zariya: Hajiya, wannan tambayar ta biyu ba zan amsa ta a zaure ba, amanar littafi ce. Amma na ji ki.

Rabi'u Kabu-kabu: Ai ka amsa, hhhh.

Sani Admin: Rabi'u a yi a hankali.

Habsu Ali Ɗan Sofo: Yaya Lawali, ni ta ɗaya gefen zan zo maka, don na ga ana kallon jika 120 kamar an ga watan Sallah. Shekara 5 na yi a wani furoje na kiwon lafiyar yara, muna zagaya ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji. Albashi mai kyau, a kan lokaci, har ana ce mini 'yar gata. Farkon 2025 da Amurka ta dakatar da kuɗin agajinta, cikin sati uku aka tara mu aka ce kowa ya miƙa kwamfuta da katin aiki. Abin da ke cina har yau, ba wai rufewar ba ce, wannan ba hannun kowa a nan. Abin da ke cina shi ne tun kafin wannan ma alamu sun nuna furojen namu ya kusa ƙarewa, na gani na kau da kai. Wanda ya tafi ba a maye gurbinsa. Motoci uku suka koma ɗaya. Kwantiragin shekara ya koma na wata uku-uku. Manyanmu biyu suka sulale suka samu wani wuri, mu muna ta yi musu gulmar rashin godiya. Ashe su suka ga takardun da mu ba mu gani ba.

Da aka sallame mu, mu wajen talatin muka fito kasuwa rana ɗaya da takardu iri ɗaya. Duk inda na kai dosiye sai in tarar da abokan aikina a benci. Wata 7 na yi a gida. Kuma na lura da wani abu: ranar da kake da aiki, in ka je neman wani, ana ba ka kujera ana tambayarka nawa kake so. Ranar da ba ka da shi, kai ke cewa ko nawa ne. Don haka ni ban ce ka ajiye aiki ba, ban kuma ce kwantiragin wata 6 abin dogaro ne ba. Cewa na yi neman aiki daban, ajiye aiki daban. Kai dosiye ba saki ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nana Hadiza: Wallahi Habsu kin faɗi gaskiya. Allah ya musanya miki da mafi alheri.

Habsu Ali Ɗan Sofo: Amin Anti. Na samu wani asibitin kuɗi yanzu, rabin na da ne amma alhamdu lillahi.

Ilya Ɗan Gulbi: Ni fa ina mamakin masu ilimi. Kana zaune kana ƙirga miliyoyin wani, kana karɓar jika 85. Yara da ba su yi ko aji uku a lakwal ba sun tafi Jado tun da aka gano zinariya a 2014, wasu sun dawo sun gina gidaje a Sabon Kare. Ka tattara ka nufi arewa, ko ka faɗa Kano, in jirgin ƙasan nan na Kano zuwa Maraɗi ya iso ma ai gari ɗaya za mu zama.

Mushe Isuhu: Ilya, ka ƙirga waɗanda suka gina gida, ba ka ƙirga waɗanda ba su dawo ba. Ba sai an je Jado ba ma, nan Garin Liman kusa da Ɗan Isa, a Nuwamban 2021 rami ya rufta da mutane, aƙalla 18 suka rasu. Mai yara uku kake turawa rami? Jirgin kuwa tun Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa, in ya iso ma yi maganarsa. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Maman Walida: Salam, akwai atamfa da leshi sababbin shigowa, mai so ya biyo ni ta gefe.

Sani Admin: Maman Walida, talla ranar Asabar ce. Wannan karo na uku ke nan.

Baba Mamman: Salamu alaikum. Jikana ka rubuta mini, ni ban iya latse-latsen ga ba. Lawali ɗana, na ji zancenka, kuma na san irin gidan da kake. Ni shekara 14 na yi ina bin maigidana tun zamanin da gyaɗa ka da daraja garin ga. Ba mu san wani abu albashi ba. Shi ka ba ni abinci, shi ka yi mini tuhwahin Sallah, shi yay yi mini aure, ran da uwata tar rasu shi yas sai likkahwani. Da lokaci yay yi, yak kira ni gaban mutane yab ba ni jari da rumhwa, yac ce tahi ka nemi naka, Allah shi yi albarka. Kahin shi rasu ni ma na kai shi Makka. Alhazan Maraɗi da kuka jin labari, da yawansu haka anka tashe su, yaron wani ne yaz zama maigidan wasu. Ku yaran zamani ba ku da haƙuri, kuɗɗin wata kaɗai kuka gani. Mutumin da yar riƙe ka shekara takwas ba a barin shi don makulli. Kuma ɗanshi ne, in bai ba ɗanshi ba wa za shi ba?

Rabi'u Kabu-kabu: Baba ranka ya daɗe, wancan zamanin ya wuce. Yanzu sai ka tsufa a ƙofar mangaza, sallamarka ita ce Allah ya yi albarka, ba jari ba rumfa.

Baba Mamman: Bai wuce ba, mutanen kirki ba su ƙarewa. Bara ma na ga wanda anka buɗe ma shago Kadro.

Malam Sa'adu: Baba ina gaisuwa. Ni ina ganin kai da Rabi'u kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya, kuma a tsakaninku matsalar Lawali take. Na yi shekaru ina wakilcin ma'aikata a wurin aikinmu kafin in yi ritaya, irin wannan ƙarar na gan ta ba adadi.

Hanyar riƙe mutum iri biyu ce a garin nan. Akwai ta Baba: yaron gida. Abin hannu kaɗan ne, amma maigida ya ɗauki nauyinka, ciwo da suna da aure, ƙarshe ya yanka maka jari. Ƙarancin da ka jure, jarin nan ne ke biyansa. Akwai kuma ta takarda: ma'aikaci. Ba ruwan maigida da sunan ɗanka, amma akwai kwantiragi, akwai takardar albashi kowane wata, akwai hutu, an yi maka rajista a CNSS, asusun ƙasa mai biyan ma'aikata fansho, ana zuba maka, ranar tsufa ka ci fansho. Kowacce a cikinsu tana da ƙarshe mai kyau in an bi ta da gaskiya. Wadda ke kashe mutum ita ce ta uku, wadda ba ta da suna: in ka nemi ƙari a ce ai kai ɗan gida ne, ana maganar kuɗi tsakanin uba da ɗa? In ka nemi jari a ce ai kai albashi kake ɗauka. Ka ga an ɗauko ƙarancin ta farko an haɗa da rashin tausayin ta biyu. Mutane da yawa a kasuwar nan a cikinta suke, ba su sani ba sai gemu ya yi fari.

Don haka Lawali, kafin ka tambayi ko lokaci ya yi, amsa mini waɗannan. Kana da kwantiragi a rubuce? Ana ba ka takardar albashi? Kana da lambar CNSS? A shekara 8 an taɓa yi maka zancen jari, ko da wasa? Da matarka ta haihu, wa ya sayi ragon?

Lawali Zariya: Malam, kwantiragi babu, da baki ne, kawuna ya kai ni. Takardar albashi babu, a littafi nake rubutawa da hannuna in sa hannu. CNSS an taɓa karɓar hotona da takardar haihuwa a 2019 aka ce za a yi, ban sake jin labari ba. Jari ba a taɓa zancensa ba. Rago kuwa, na fari Alhaji ya saya, Allah ya saka masa. Na ukun nan rance na ɗauka a kan albashi, jika 150, ana cire jika 15 duk wata, saura jika 60.

Hajiya Barira: Kash.

Malam Sa'adu: To ka ji. Na fari kyauta, na uku bashi. Ba na zagin bawan Allah, wataƙila shi kansa bai lura da lokacin da abin ya juya ba. Amma hanyar Baba an bar ta, ta takarda kuma ba a shige ta ba.

Bari in ba ka abin da na sani na doka, don ko za ka zauna ko za ka tashi ya kamata ka san inda ƙafarka take. Dokar ƙwadago ta Nijar da ake aiki da ita ta 2012 ce. Rashin takarda bai mai da kai ba ma'aikaci ba, wanda ya shekara 8 yana aiki ana biyansa duk wata ma'aikaci ne, kuma littafin nan da kake sa hannu shaida ne. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000 tun Janairun 2024, ka ga kai kana sama da shi, ta nan ba ka da ƙara. Amma awa 40 ne aikin mako, hutu kwana biyu da rabi ne kowane wata, wato wata guda a shekara da albashinsa. Rajistar CNSS wajibi ce a kan mai ba da aiki, ana cire kashi 5.25 cikin 100 a albashinka, shi kuma ya ɗora nasa kason wanda ya fi naka yawa. Lambar taka ce, in ka canza wuri tana binka. Je ofishinsu na nan Maraɗi da katinka ka ce a duba maka, ba sai ka yi faɗa da kowa ba.

Sai abu biyu da ke kayar da mutane. Na ɗaya, wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya da kuɗin sallama irin na wanda aka sallama. Shi ya sa wani wurin ba za a kore ka ba, sai dai a yi ta rage maka igiya har ka gaji ka tafi da ƙafarka. Ban ce haka ake yi maka ba. Na biyu, ba a tashi rana tsaka. Mai albashin wata yana ba da sanarwar wata guda, a rubuce, ka riƙe kwafi. Ranar tafiya kuma ka karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙinka ce, ita za ta nuna shekarun nan 8 ba a inuwar bedi ka yi su ba. In abu ya cije akwai ofishin sufeton ƙwadago, sulhu suke fara nema kafin a je kotu.

Baba Mamman: Sa'adu, kai sufeto kaka tura yaro wurin mutumin da yas sai mai ragon suna? Garin ga ƙarami ne. Ran da yak kai ƙara, babu Alhajin da za shi sake ba shi littahi.

Malam Sa'adu: Baba ban ce ya kai ba, kuma maganarka gaskiya ce, na ga waɗanda suka ci shari'a suka rasa kasuwa. Na ce ya san abin da yake da shi. Wanda ya san haƙƙinsa ya yafe, sadaka ya yi. Wanda bai sani ba, ƙwace masa aka yi.

Ustaz Bashir: Ina bin zancen tun ɗazu. Lawali, ka yi istihara, kuma kada ka jira mafarki, addu'a ce sannan ka ɗauki mataki, abin da Allah ya sauƙaƙa shi ne. Masu cewa neman wani wuri rashin godiya ne ko rashin tawakkali, su tuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Masu gida kuma su tuna an ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Abu ɗaya nake ja maka kunne a kai: muddin kana wurin, kada aikinka ya ragu, kada ka ɓoye wa yaron nan ilimi don a ci gaba da bukatarka, kuma sirrin littafi ya mutu a cikinka ko bayan ka tafi.

Nana Hadiza: Ni duk maza kun manta da mutum ɗaya. Lawali, ka yi shawara da matarka? Wallahi ta riga ka sanin lokaci ya yi ko bai yi ba. Mijina shekara biyu yana dawowa gida ba ya iya cin tuwo, yara suna jin ƙarar babur ɗinsa su nutsu kamar an yi mutuwa, kullum ciwon kai, muna ta sayen magani a farmasi. Shi yana cewa ba komai. Ranar da ya bar wurin, a sati biyu ciwon kan ya tafi. Ni da na ce maka kada a zubar da ruwan tulu, ban ce ka sha ruwan da ke sa ka ciwo ba.

Lawali Zariya: Anti kin taɓo wurin. Jiya ta ce mini rabon da in yi wasa da yara tun kafin azumi. Ban ma lura ba.

Mushe Isuhu: Akwai wata alama kuma da ba a faɗa ba. Yaushe rabon da ka koyi sabon abu a wurin? In har yanzu biro da littafi ne, alhali wuraren da ke biyan jika 120 da kwamfuta suke lissafi, to kowace shekara ka ƙara a nan farashinka a waje raguwa yake. Ni na ga haka a kaina, sai da na zauna jarrabawar konkur na gane abin da na sani ya tsufa.

Lawali Zariya: Na iya Excel tun ina makaranta, amma hannuna ya yi sanyi. Zan nemi mai tuna mini.

Habsu Ali Ɗan Sofo: Zo ka ɗauki tsohuwar kwamfutata ka yi sati biyu da ita, tana nan ajiye. Batirin ya mutu, sai da wuta.

Hajiya Barira: Shawarata ta ƙarshe, ɗana. Kada ka yi ta karanta fuskar Alhaji kana fassara. Tunda kawunka ya kai ka, koma wurin kawun, ku je tare bayan la'asar, a gida ba a mangaza ba. Ka yi godiya, sannan ka tambaya da ladabi: Alhaji, yanzu da ƙanena ya dawo, mene ne tunaninka a kaina? Kada ka ce za ka tafi, kada ka yi barazana da wani wuri. Ka yi shiru ka saurara. Mai niyya zai ba ka magana mai rana da adadi. In ni yarona ya zo mini haka, wallahi sai na ji kunya na faɗa masa gaskiya.

Baba Mamman: To wagga magana ta Barira na yarda da ita. Haka aka yi.

Lawali Zariya: Jama'a salam, kwana 9 ke nan, na ce bari in dawo muku da bayani. Na je CNSS, an duba, babu sunana. Na yi shiru ban ce wa kowa komai ba. Ranar Juma'a muka je da kawu kamar yadda Hajiya ta ce. Alhaji ya karɓe mu da mutunci ƙwarai, har ya sa aka kawo fura. Da na yi tambayar sai ya yi dariya ya ce, Lawali ai kai ɗan gida ne, ko bayan raina ba mai taɓa ka. Kawu ya ce, to Alhaji ko akwai tunanin a ɗan yanka masa wani abu ya fara juyawa? Ya ce a bari a ga bayan kaka. Na kawo zancen rajista, ya ce zai sa yaron ya duba. Da za mu fito ya ba ni jika 20, washegari kuma aka kai mini buhun shinkafa gida, ya ce a yafe jika 60 ɗin da ta rage.

Rabi'u Kabu-kabu: Bayan kaka! Wace kakar? Ba rana ba adadi. Hajiya ke kika ba da ma'auni, auna mana.

Hajiya Barira: Ba rana ba adadi, gaskiya ne. Amma yafe bashin nan ba ƙaramin abu ba ne, mai son ya ɗaure ka ba ya kwance maka igiya. Ni na kasa karanta shi. Ko dai kunya ta kama shi yana shirin gyarawa, ko kuma yana share maka hanya ne cikin mutunci.

Baba Mamman: Kaka saura wata biyu. Wanda yay yi takwas ba ya kasa biyu.

Habsu Ali Ɗan Sofo: Baba, wancan wurin ba zai jira wata biyu ba fa.

Lawali Zariya: Shi ya sa na kai dosiye ranar Litinin, na kuma faɗa wa kawu don kada ya ji a bakin wani. Bai ji daɗi ba, amma ya ce ba zai hana ni ba. Sun kira ni jarrabawa ranar Asabar da ƙarfe 9, mu 6 ne a kan gurbi ɗaya, don haka ba a san maci tuwo ba tukuna. Na tambayi abokin nawa, ya ce su suna da takardar albashi da rajista tun watan farko. In sun ɗauke ni zan ba Alhaji watansa cikakke, in ƙirga kayan mangaza buhu-buhu tare da ɗansa mu sa hannu mu biyu. In ba su ɗauke ni ba, ina nan har kaka, ranar da aka gama sayen aya zan koma da kawu in tuna masa. Malam Sa'adu, in da hali ka turo mini yadda ake tsara takardar sanarwar, in ajiye ta. Habsu, igiyar cajin kwamfutar tana wajenki, zan aiko yaro da magariba.

Malam Sa'adu: Zan turo maka ta gefe. Ka sa kwanan wata, ka yi kwafi biyu, ya sa hannu a taka.

Habsu Ali Ɗan Sofo: To, ya tambayi gidan mai koren ƙyaure, bayan masallaci.